Hoton da Ba a Tace Ba

Ranar Talata, tara ga Maris, na fara ganinsa a sashen hoton ƙwaƙwalwa, inda nake rajistar marasa lafiya. Dattijo ne siriri, maɓallan rigarsa sun saɓa. Ina jin bai saba shiri ba tare da wani ya duba shi ba. Matarsa ya kawo, mantuwa ta kama ta. Aka yi mata allurar da ke haska ƙwaƙwalwa, na'ura ta ɗauka.

Yana tsaye bayan ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar, jakar matarsa a hammatarsa. Hoton ya fito dishi-dishi.

"Baba, hasken da ya fantsama ne ya dagula shi," in ji ta. "Bari in tace."

Da ta tace, hoton ya fito tar, sai ga wurare sun yi duhu, inda ƙwaƙwalwar ta rage aiki.

Ya daɗe yana kallo. "A buga min na farkon, 'yata. A can kamar tana nan dukanta."

Aka buga masa.

Da suka dawo a watan Yuni, a gaban teburina matar ta gaishe shi kamar baƙo, ta tambaye shi iyali. Ya ce suna lafiya.