Tohon Kalgo a Gamanata

Shekarar da aka kawo ni Gidan Sori, uwar mijina ta yanka mini gamana, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Fili ne fetal, ko inuwar da zan kwantar da jariri babu. Da kara da kashin shanu muke girki, hayaƙi ya yi ta cin idona har in riƙa hawaye a kan tukunya.

Yayana malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Gidan Rumji. Ya san tun ina kolej ba na iya zama ba karatu, sai ya aiko mini da wani ɗan littafin aikin gona, bangonsa ma ya yage. Bayan la'asar nake buɗe shi, in na gama tankaɗe. A ciki na karanta cewa kututturan da muke sassabewa duk bazara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. In aka bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, aka datse sauran, itace zai tashi. Na rufe littafin ina tasbihi. Ashe daji guda muke takawa ba mu sani ba.

To, a wurinmu gona mai tsabta ita ce mutuncin manomi, mai barin toho kuwa raggo ake ce masa. Ranar sassabe maigida ya zo da adda zai share mini gamanar, shi a ganinsa kyautatawa ce. Na roƙe shi ya bar mini kalgo da sabarar da na ɗaura wa tsumma. Ya ce gari zai ɗauka ya kasa gyara gonar matarsa, kuma inuwa za ta kashe hatsi.

Na ce, "Malam, ka ba ni damina ɗaya. In hatsin ya ƙi, da hannuna zan sare su."

"To, malamar daji," ya ce yana dariya, "shi littafin naki ya taɓa riƙe hauya?"

Amma dai ya saɓa addarsa ya tafi.

Ruwan shuka ya sauka, hatsi ya tsiro, sai iska ta taso ta binne shi da rairayi. A gandun gidanmu sai da aka sake shuka. Tawa ma ta taɓu, sai dai duk inda toho ya tare iska, hatsin na tsaye. Maigida ya zagaya ya gani, ya ci gaba da aikinsa har kaka ta wuce.

Da bazara ta dawo na hango shi tafe da adda, na ɗauka tohona zai sare. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce in samo tsummokarana in biyo shi gandu, in nuna masa waɗanda za a bari.

Yau da reshen kalgon nan nake hura wuta. Littafin yana yawo gidajen maƙwabta, duk ya sha manja. In na yi salla nakan sa yayana a addu'a, da wanda ya zauna ya rubuta littafin, ko da ban san fuskarsa ba.