Baba da Katin da Na Sa wa Hannu

Ina cikin bus a unguwar Aldwych, zan tafi wurin aiki, Umma ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Hauwa, Babanku ya faɗi a bakin mota. Muna asibiti." Kafin in isa, Allah Ya karɓi abinSa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanenmu na unguwar Plumstead sun san Baba, Malam Idrisu, da tuƙin minicab, wato tasi, fiye da shekara ashirin. Sun san shi da kai tsofaffi asibiti ya ƙi karɓar ko penny, da kwasar ɗalibai ranar Juma'a zuwa masallacin Regent's Park. In aka yi masa godiya sai ya ce, "Dama can hanyata ce," ko da kuwa ba hanyarsa ba ce. Duk wanda ya zo ta'aziyya da irin labarinsa. Nawa labarin ban iya faɗa wa kowa a zaman makoki ba.

Ina shekara goma sha tara, a shekarata ta farko a jami'a, wani banki ya ba ni credit card, wato katin cin bashi. A waya na cike komai, ban karanta ko layi ɗaya na sharuɗɗan ba. Da farko laptop na saya da rigar sanyi. Sai motar Baba ta lalace, ya yi wata biyu ba aiki, kuɗin haya suka taru, mai gida ya fara maganar tashinmu. Na biya gyaran motar da hayar da katin, na ce wa Baba tallafi ne makaranta ta ba ni. Ƙarya na yi masa. Da biya ya gagara, na karɓi kati na biyu don in toshe na farko. Kuɗin ruwa suka yi ta hauhawa, ni kuma ina ta ɓoye wasiƙu a cikin littattafaina.

Wata rana ya riga ni ɗaukar wasiƙar gargaɗi ta banki a ƙofa. Ya kira ni kicin, ya ce, "Hauwa'u, wannan jan rubutun fa?" Na gaya masa gaskiya duka. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna ya ce, "Kuɗin ruwa a gidana, kuma ni na ci?" Ranar na fara ganin hawayensa.

Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kai ni wani ofishi da ake ba masu bashi shawara. Ya ce wa matar da ke wurin, "Ni ne ubanta. Yarinya ce. A mayar da shi sunana." Matar ta yi masa bayani a hankali: na wuce shekara goma sha takwas lokacin da na sa hannu, don haka doka ni kaɗai ta sani. Yana iya taya ni biya, amma ba za a cire sunana a sa nasa ba. Ya sake roƙonta har sau uku. Da muka fito ya tsaya a bakin titi, ya ce, "Doka ta ce naki ne. Ni kuma na san cikin da ya ci."

Daga nan ya ƙara awannin aiki, ya daina hutun Lahadi. Likita ya gargaɗe shi kan hawan jini, bai ji ba. Duk Juma'a sai ya tura min abin da ya samu, da saƙo gajere: "An rage kaɗan." Na yi ta roƙonsa ya bari, tunda na fara aiki. Ya ce, "Ba zan bar miki shi a wuya ba, kuma ba zan je gaban Allah da shi ba." Abu ɗaya ya nema a wurina, kada Umma ta sani. Shekara huɗu muna haka, bashin bai ƙare ba, shi ya ƙare.

Ranar jana'iza ƙaninsa, Baffa Sale, ya yi sanarwa cewa duk mai bin marigayi bashi ya same shi. Babu wanda ya fito. Ina ɓangaren mata ina jin ana cewa, "Ya tafi ba nauyin kowa a kansa."  Bayan sadakar uku na samu liman na warware masa komai, na ce, "Malam, don Allah, wannan bashin yana kan Baba?"

Ya ce, "Shi ya ce ki karɓo?"

Na ce, "A'a."

"Abin da kika kashe masa, kina binsa?"

Na ce, "Ni ce ma ya kamata ya yafe wa."

Ya ce, "To ba komai a kansa, 'yata. Ki nemi gafarar Allah, ki biya abin da ke kanki."

Na ji sanyi, amma na ɗan lokaci. A makon nan takardar kotu kan bashin ta iso. Haya ta dawo kaina, ga ƙannena biyu, Usman da Maryam, suna makaranta, albashina ba ya kai ƙarshen wata. Na yi lissafi ta kowace fuska, ban ga mafita ba, kuma wanda nake kai wa kuka yana ƙasa.

Jiya na karya alkawarin da na yi masa, na gaya wa Umma. Ta ci gaba da jan carbinta. Sai ta ce, "Ashe shi ya sa ya daina hutu." Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Ya Allah, Ka ji ƙan Baba, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa. Kada Ka tambaye shi abin da hannuna ya rubuta. Ka ba Umma haƙuri, Ka raya Usman da Maryam, Ka rufa mana asiri a ƙasar nan. Ni kuma Ka ba ni tsawon rai da ƙarfin da zan biya bashin nan har penny na ƙarshe, in je kabarinsa in gaya masa an gama. Amin.