Ranar da Kaftin Ya Tarar da Tsofaffi a Kilas

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, kuma gardamar da kuke yi a kan wasan nan na tele, wato talabijin, ita ta tuno mini da ita. Ina nufin wasan lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye a zamanin da, mai daraktan da yara ke ɗaure wa jela. Wasunku sun ce babu kamarsa, wasu sun ce an mai da malaman da abin dariya. Ni da na yi aikin a lokacin, bari in ba ku labari, sai ku auna.

Zamanin mulkin soja ne, shekarar da fari ya sake komowa. Ina sabuwar malama, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Hawandawaki. Daraktanmu, wato shugaban lakwal ɗin, shi ne Mushe Illa, dogo, siriri, mai barkwancin da ba ya ƙarewa. Ni kaɗai ce Kirista a garin, shi ya fara ba ni aron kekensa ran Lahadi in je sujada.

Lakwal ɗinmu tana da kantin, wato ɗakin girkin da hukuma ke aiko wa hatsi don ɗalibai su ci da rana. Doka a fili take: abincin na ɗalibi ne, wanda ya ba wani daban ya karkatar da kayan gwamnati. A wancan zamani laifin nan ba kora kaɗai ba ne, har kaso, wato kurkuku.

Da rani ya tsananta, maza suka yi kudu neman abinci. Fulanin da shanunsu suka mutu suka sauka bayan gari. Sai muka lura yara ba sa cin tuwonsu, suna ƙunshe shi a bakin riga su kai gida. Wata yarinya, Dije, ta faɗi a gaban allo don yunwa, alhali da hannuna na zuba mata. Kakarta take kai wa.

Da yamma Mushe Illa ya ce mini, "Madam Rahila, dokar ta ce ɗalibi. Ta faɗi shekarunsa?"

Na ce, "Mushe, za su kama ka."

Ya ce, "To mu koyar da su da gaske, kada mu yi ƙarya."

Haka muka buɗe kilas ɗin tsofaffi. Kowace safiya su zauna a bayan jikokinsu, a yi karatu tare, a dama kunu ya ishi kowa. Mushe Illa kuwa sai abin ya ƙaru. Ya yi kukan jaki, ya yi tafiyar raƙumi, ya kwaikwayi Goggo Hajo, kakar Dije, tana kokawa da alli. Na taɓa yi masa magana, na ce girmansa yana zubewa. Ya ce mai yunwa in bai yi dariya ba barci zai yi, mai barci kuwa ba ya koyon komai.

Ran nan, da hantsi, motar soja ta tsaya ƙofar lakwal ba sanarwa. Kaftin ne, mai riƙe da mulkin Tasawa, tare da sufeton ilimi. Suka tarar da darakta ya durƙusa yana lasar ƙwarya kamar kyanwa, yana koyar da kalmar "ci" da Faransanci.

Kaftin ya dubi bayan ɗaki, ya ce, "Waɗannan fa?"

Mushe Illa ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Ɗalibai ne, mon capitaine."

"Suna cin abincin kantin?"

"Suna ci. Ni na ba da izini, malamar nan ba ruwanta."

Kaftin ya taka har gaban Goggo Hajo, ya ce, "Tsohuwa, me kika koya a nan?"

Ta dafa sanda ta tashi, ta haɗa ƙafafu kamar yadda yara ke yi, ta ce da ƙarfi, "Nous mangeons!" Wato muna ci. Sannan ta ƙara da Hausa, "Ɗana, wanda na fi iyawa ke nan. In kana son baƙaƙe, akwai su ma." Ta je allo ta rubuta sunanta, a karkace, amma ana karantawa.

Kaftin ya daɗe yana kallon allon. Na ga leɓensa yana rawa. Ya juya ya fita, muka jiyo shi bayan mota yana dariya har da tari. Da ya dawo fuska a ɗaure, ya ce wa sufeto, "Ni ɗalibai na gani." Ya ce wa Mushe Illa, "Amma darakta ba ya lasar ƙwarya."

Ba a rufe kantin ba har damina ta faɗi. Mushe Illa dai bai tsira sarai ba. Sufeto ya rubuta cewa ba shi da natsuwa, aka sauke shi daga darakta, aka mai da shi malami a wani ƙauye can ƙasar Mayahi. Bai taɓa ƙorafi ba.

To, wasan telenku. Yaran ciki kumatu cike, ba wanda ya ƙunshe tuwo a riga, wannan kam masu wasan sun ɓoye. Amma daraktan da kuke ce an wulaƙanta, ni ban ga wulaƙanci ba. Na yi aiki ƙarƙashin irinsa, kuma ina alfahari. Don haka na ce wasan ya ci yabonsa, ko da rabin labarin ya bayar.

Abin da na koya shi ne, girman malami ba a tsare gida yake ba. Na ga masu tsare gida da yawa a aikin nan, ba na tuna sunayensu. Wanda ya yarda a yi masa dariya don yaro mai yunwa ya zauna a kilas, shi ne har yau in na je yankin ake tambayata ko yana raye.