Abin da ya hana Mama Sitati shiga layi

A cocinmu, in ka ga ƙyallen bagade, wato teburin ibada, fari tas, ya miƙe ƙyam ba ko lanƙwasa, to hannun Mama Sitati ne. Sitatin da take zubawa ne ya ja mata sunan. Akwai ma wani Fada da ya taɓa cewa rigarsa za ta iya tsayuwa ta jagoranci sujadar Mas ko ba ya cikinta. Shekara ashirin da shida tana wannan wanki, ba ta taɓa yarda wani ya taya ta ko da ɗauraya ba.

Aikin yana da ƙa'ida. Ƙananan ƙyallayen da Fada ke goge ƙoƙon Tarayya, wato Jibin Ubangiji, da su, ba a haɗa su da sauran wanki. Sai ta fara jiƙa su a wata farar roba da ba ta taɓa ganin wani abu ba, ta ɗauki ruwan farkon nan ta zagaya bayan coci, ta zuba a ƙasa gindin katanga, inda ƙafa ba ta takawa. Ba a zuba shi a kwata. Bayan nan ne sabulu zai shigo, sannan dutsen guga, sannan ninki, koyaushe gefe zuwa ciki, don ko ɗan ɓarɓashi ya maƙale kada ya faɗi.

Sai dai Mama Sitati ba ta yarda da mutane ba. In ka gaishe ta sau biyu a rana, za ta tambaye ka abin da kake nema.

To, ana nan sai ga wata Sista ta zo daga makarantar koyon tauhidi, mace mai kimanin shekara arba'in da tabarau da ɗan littafi. Fada ya sanar cewa za ta yi wata biyu tana nazarin yadda ake gudanar da sakramenti a wannan zamani: baftisma, ikirarin zunubi, Tarayya, aure, har da shafa wa marasa lafiya mai.

"Nazari," in ji Mama Sitati, tana ninke ƙyalle a ɗakin ajiye kaya. "Katakis, kai ka yarda? Abin da muke yi tun kafin a yaye ta shi za ta nazarta?"

Katakis, wato mai koyar da masu shirin baftisma, mutum ne mai son tsokana. Ya ce, "Mama, ai ke aka turo ta dubawa. An ce Bishop ya ji labarin sitati ya yanke wa wani Fada wuya."

Bai san inda maganarsa ta faɗa ba. Domin Mama Sitati tana da abin ɓoyo, kuma ya girmi wankin nata.

Mijinta direba ne, mutumin kirki, amma ya ce shi ba zai tsaya gaban bagade a ɗaura masa aure ba. Katakis na wancan lokacin, wani dattijo mai tsanani, ya kira ta ya ce, "Daga yau ba ki ba karɓar Tarayya." Ta ga ya buɗe babban littafin coci ya yi rubutu. Shi ke nan. Mijin ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, dattijon ma ya bi shi, an canza Fada har sau huɗu. Ita kuwa a ranta ta riga ta yanke cewa wanda ya rubuta shi kaɗai zai iya gogewa, ga shi yana kabari.

Dabararta mai sauƙi ce. Da an fara jerin layin karɓar Tarayya, sai ta miƙe kamar ta tuna wani abu, ta shige ɗakin ajiye kaya. 'Yan Mas na farko suna zaton tana karɓa a na biyu, 'yan na biyu suna zaton ta riga ta karɓa da sassafe. Tsoronta ɗaya: ranar da aka gane, za a ce hannun da bai isa karɓa ba bai isa taɓa ƙyallen ba. Wankin nan kuwa shi ne iyakar kusancin da ya rage mata da bagade.

Matsalar ita ce Sista ba ta da Mas na farko ko na biyu. Duka take zama, a kujerar gefe, tana rubutu.

Lahadi ta uku, Mama Sitati ta shige ɗakinta kamar kullum, ta juya sai ta ga tabarau na bin ta. Ranar Litinin ta canza lokacin wanki. Sista ta zo ta tarar an gama. Ranar Laraba ta ce kanta na ciwo. Ranar Juma'a dai Sista ta ritsa ta a gindin katanga da roba a hannu.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yauwa. Akwai magana ne?"

"Wa ya koya miki zuba ruwan nan a ƙasa? Coci bakwai na je, biyu kaɗai na ga ana yi."

"Laifi ne?"

"Daidai ne ƙwarai."

"To me ya sa kike rubutawa? Ni a sanina abin da ya yi daidai ba a rubuta shi."

Sista ta yi dariya, ta rufe littafin, ta sa a jaka. Ta zauna a kan bulo, ta ce, "Mama, wannan ba na rubutu ba ne. Me kike ɗaukowa a ɗakin nan kowace Lahadi? Kullum hannu wofi kike fitowa."

Mama Sitati ta ajiye robar a hankali. Ta ce, "Wa ya aiko ki? Fada ne, ko matan zumunta? Na san akwai mai son wankin nan, ta daɗe tana yaba min guga."

"Ba wanda ya aiko ni."

"Haka 'yan aike suke cewa."

Amma abin da mutum ya riƙe shekara da shekaru nauyi gare shi. Ta faɗa, a tsaye, fuska a murtuke, kamar mai ba ɗan sanda bayani. Da ta gama ta miƙa mabuɗin ɗakin ta ce, "Ungo. Ki gaya wa wadda za a ba kada ta sa wa ƙananan sitati, ba za su sha ruwa ba."

Sista ba ta karɓa ba. Ta ce, "Mama, yaushe mijinki ya rasu?"

"Shekara sha ɗaya."

"Kin sake aure?"

"Ina ruwana da wani direban?"

"To ai abin da ya hana ki ya ƙare tun ranar. Ikirari kawai za ki yi wurin Fada, ki shiga layi."

"Rubutun fa?"

Suka tafi ofis, Katakis ya sauko da tsohon littafin yana atishawa. Suka nemo shafin. Abin da dattijo ya rubuta a gefen sunanta kalma uku ne: a riƙa ziyartarta. Ba wanda ya ziyarta.

Kuna zaton ta yi murna? Ta ce a ba ta littafin, ta ɗaga shafin a hasken taga ta ga ko an kankare wani abu. Ta tambayi Katakis ko akwai littafi na biyu. Ranar Asabar ta shiga ikirari, aka ji ta daɗe. Daga baya ita da bakinta ta ce rabin lokacin ita ke yi wa Fada tambayoyi, don ta ji ko bakinsu ɗaya da Sista.

Ranar Lahadi ta shiga layi, ta bar mutum biyar suka wuce ta, tana waige ko wani zai dafa kafaɗarta. Ba wanda ya dafa. Ta karɓa, ta koma ta durƙusa, ba ta ɗago ba har aka gama waƙa.

Da ta ɗago ne idonta ya faɗa kan kujerun baya. Mata uku da wani tsoho suna zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran abin da bai lalace ba. Ta san irin wannan zaman sarai.

Ana tashi ta tare ɗaya daga cikin matan a bakin ƙofa, wata mai ɗinki da suka shekara goma suna gaisawa.

"Ke, zo nan. Me ya zaunar da ke?"

Matar ta ja da baya, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Mama, wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Mu je bayan coci, ki faɗa min tun daga farko. Kuma kada ki rage komai, zan gane."