Matar da ta ɗinka wa kumbo laima

A masana'antar kowa Yaya yake kiranta, har waɗanda suka girme ta. Da labule ta fara ɗinki a ɗakin mahaifiyarta, ta koma tamfol ɗin manyan motoci, daga nan aka ɗauke ta inda ake ɗinka laimar da mutane ke dirowa da ita daga jirgin sama. A kan keken ɗinkin nan ta yi furfura. Ba ta da yawan magana. Ƙawarta ta keken kusa, wadda ake ce wa Rediyo, ita ke yi musu su biyu.

Wata shekara aka kawo aikin da ba su taɓa yi ba: laimar wani kumbo da ba mutum a cikinsa, za a harba shi wata duniya ya sauka da kansa. Injiniyar da ta kawo aikin, sa'ar 'yar Yaya, ta tsaya bakin teburin yanka ta yi musu bayani. Kumbon zai faɗa cikin iskar duniyar a guje, gabansa ya yi ja zur don zafi. Iskar can ba ta da kauri, ba za ta iya tare shi ba. Sai laima ta buɗe farat ɗaya, ta fizge shi.

"In ta yage fa?" in ji Rediyo.

"Sai ya daki ƙasa ya tarwatse, Mama."

Ta farko kuwa ta yage wajen gwaji. Yaya ta ga hoton gwajin, yadin ya zama tsumma a iska. Aka sauya zare, aka ƙara ɗauri, suka sake zama wata da watanni, har idanunta suka riƙa ruwa. Ta biyun ta ci gwaji, aka naɗe ta, aka tafi da ita.

Ranar saukar, da rana tsaka aka kashe kekuna, aka taru a ɗakin cin abinci gaban talabijin. Injiniyar ta zauna kusa da Yaya.

"Duk abin da za mu ji yanzu ya riga ya faru," ta ce. "Saƙon yana daɗewa a hanya."

"Ke nan addu'ar ma ta makara?" Rediyo ta tambaya.

"Yi dai," in ji Yaya.

Mai sanarwa ya ce kumbon ya shiga iska. Sai saƙo ya ɗauke. Injiniyar ta ce zafi ne, an san da haka. Yaya ta damƙe bakin teburi, tana bin layukan ɗinkinta a zuci, ɗaya bayan ɗaya.

"Laima ta buɗe!"

Aka kaure da ihu, amma banda Yaya, don ta farkon ma sai da ta buɗe kafin ta yage. Ta ƙura wa lambobin gudun kumbon da ke jikin talabijin ido. Suna raguwa. Suna ƙara raguwa.

"An rabu da laima," in ji mai sanarwa.

Yaya ta miƙe zumbur, kujera ta kife. "Ta tsinke?"

"A'a, Mama!" Injiniyar ta riƙo hannunta. "Shi ya yanke ta da kansa, ta gama nata. Yanzu injuna ke feso wuta ƙasa suna rage masa gudu, shi kuma yana neman fili marar duwatsu."

Yaya ba ta zauna ba. Ko Rediyo ta rufe baki da tafi biyu. Can mai sanarwa ya ja numfashi, ya ce kumbo ya taka ƙasa lafiya. Nan Yaya ta zauna a kujerar wani, hawaye na bin kuncinta.

Da hayaniya ta lafa, ta jawo injiniyar. "'Yata, ina laimar yanzu?"

"Tana can yashe a ƙasa."

"Ba mai ɗauko ta?"

"Babu, Mama."

Bayan 'yan makonni aka aiko musu da hotonta, fara, a baje kan jar ƙasa. Yaya ta kai shi bakin taga, ta daɗe tana dubawa. Ko ina ɗinkin a haɗe yake.

"Ta yi datti," ta ce, ta miƙa wa Rediyo, ta koma kan kekenta.