Jakin da Ya Ɗaure Tiyo

Har yau in an ambaci Baba Filaya a layin gareji, ba shekara arba'in da ya yi yana gyaran mota ake fara tunawa ba. Ranar da ya tara jama'a ya zagi kansa ake tunawa.

Aljihun rigarsa ne ya ja masa sunan, don ko ɗaurin aure ya je, filaya na ciki. Aikinsa kuma ba ya ɓuya: in ya ɗaure tiyo da waya, murɗa uku yake yi, sannan ya lanƙwasa bakin sama kamar wutsiyar kunama, kada ta yagi hannun na baya.

Shekarar da ciwon ƙoda ya kama maiɗakinsa, sau biyu a mako yake kai ta asibiti da sassafe a tsohuwar motarsa. Sanyi ya shigo, ita kuma jiki ya zube. Bargo biyu take rufa, haƙora na kaɗawa. Ya murɗa hita don motar ta yi ɗumi, iska ta fito kamar daga firji.

"Malam, kashe," ta ce. "Ka gyara motocin duniya, tamu ta zama randa."

Dariya ya yi, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya duba ruwan lagireto, cike yake. Ya bar inji yana aiki murfi a buɗe, ko iska ce ta maƙale, bai ga ko kumfa ba. Ya canza ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi. Fanka na juyawa lafiya lau. Ido ya yi rauni, baya ba ya son sunkuyo, haka ya ci kwana uku, har ta sake yin wata tafiyar cikin bargunanta.

Rana ta huɗu ya zura hannu can bayan inji, inda tiyo biyu ke kai ruwan zafi ga ƙaramin lagireton hita. Ashe ba su kai ko'ina. An cire su, an haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwan ya zagayo ya koma inda ya fito.

Ya kira maƙwabtansa, mai walda da mai faci. "Ku zo ku ga aikin jaki. Wanda ya yi wannan, ko keke bai kamata a ba shi ba. Mace na rawar ɗari saboda lalacin wani."

Mai walda ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. "Baba," ya ce, "jakin nan fa wutsiyar kunama gare shi."

Sai ya tuna. Shekara goma sha biyar baya, ƙaramin lagireton ya fara ɗiga a ƙafar maiɗakin, ya ɗaure tiyon ya ce gobe zai gyara.

Kwana biyu ya yi yana warware gaban mota kafin ya sa sabon ƙaramin lagireto. Da ɗumi ya bugi ƙafarta, ta yaye bargo ɗaya. Ya faɗa mata gaskiya, idonsa a kan titi.

"Ashe goben ta zo," ta ce, ta jingina kai ta yi barci har ƙofar asibiti.

Sau uku ta shiga motar da ɗumi. Sanyin bai fita ba aka kai ta makwancinta.

Yanzu Baba ya rage aiki, benci ya fi ganinsa. Amma kowace safiya sai ya tada motar, ya ɗora tafin hannu a bakin hita ta gefen da babu kowa, ya ji ɗumi, sannan ya kashe. Mai faci, da ba ya son ganinsa shiru, yakan ɗaga murya daga rumfarsa:

"Baba, an kama jakin nan kuwa?"

"Tuni," in ji Baba, yana goge filaya da gefen riga. "Sai dai mai ƙarar ta yafe masa ta tafi. Ni aka bar wa kiwonsa."