Keken Giya da Kariyar Rodi

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar wata Asabar a ƙarshen bazara. Ni da mai ɗakina muna tsakar gida, sai ƙanena ya yi sallama yana turo keke. Ban gane keken ba sai da na ga ƙarfen canjin giya yana lilo a gefen ƙafar baya. Kekena ne.

Na saye shi ne a gwanjo tun ina aiki a gidan gurzar auduga a nan Funtua. Keken hawan tudu ne, mai faɗin taya, mai giya gaba da baya. Da na sami babur sai na ba ƙanena ajiyar keken a ƙauyenmu, hanyar Danja. Shekaru suka wuce. Na bar aiki, fetur ya fi ƙarfina, babur ya koma jingine a zaure. Gonata kuwa tana bayan wani dogon tudu, gwiwoyina kuma ba na da ba ne. A ƙafa ba zan iya zuwa kullum ba, keke marar giya ba zai hau da ni ba. Idan ban gyara wannan kafin ruwan shuka ba, sai dai in ba wani gonar ya noma. Shi ya sa na aika a kawo shi.

Wari ne ya fara isowa. Ƙanena ya ce a ɗakin awaki ya ajiye shi saboda ɓarayi. Kaji sun mai da kan keken wurin kwana, kashinsu ya taru a kai ya bushe, sabo bisa tsoho, har ba a ganin fenti. Fitsarin awaki ya ci ƙasan ƙafafun. Mai ɗakina ta toshe hanci da gefen mayafi, ta tambayi ƙanena ko keke ya kawo ko taki. Ya yi dariya ya ce ai duka biyun gona za su.

Ni ban yi dariya ba. Na sa aka shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, na fara aiki washegari bayan na karya.

Da farko na kankare kashin da wuƙa, na wanke da omo da ruwan zafi. Daga nan na kwance ƙafafun. Da na ɓare tayar baya sai na tarar babu tub a ciki. Tsummokara aka cusa mata har ta cika, yadda mutanenmu kan yi idan sun gaji da faci. Na dinga jawo su ɗaya bayan ɗaya: tsohon ɗankwali, safa, wandon yaro wanda ba a wanke ba kafin a cusa shi. Ruwa ya shiga ya ruɓar da su, sun yi baƙi, suna yauƙi a hannu. A ranar ban iya cin tuwo da hannun nan ba, cokali na nema.

Bayan taya sai sarƙa. Wani ya shafa mata man gyaɗa maimakon giris, man ya kama ƙura da gashin akuya ya daskare kamar ƙwalta. Na jiƙa ta a kalanzir, na bi ta gaɓa-gaɓa da tsohon buroshin haƙori. Da na zare sirdi kuwa, kyankyasai ne suka fito daga cikin bututun, manya da ƙanana, suka watsu a ƙafafuna. Na zuba tafasasshen ruwa a ramin, abin da ya fito ta ƙasa ba zan rubuta shi ba.

Ƙarfen canjin giyar na bari ƙarshe, domin shi ne ran keken. Na kwance shi a kan faranti, na jera kowane ƙusa da kowace 'yar waya yadda na ciro su, don kada in rikice wajen mayarwa. Na goge, na sa mai, na ɗaura, na sayo sabuwar wayar giya a kasuwa. Ranar da na juya feda na ji sarƙa tana hawa tana sauka ba gardama, na kira mai ɗakina ta zo ta gani. Ta ce, "Malam, yau dai za ka ci abinci da hannu." Da yamma na gwada shi a tudun gona. Na hau har ƙarshe ina zaune, gwiwa ba ta ce komai ba.

Sai aka yi mana rasuwa a Malumfashi, na tafi gaisuwa na kwana. A bayana ƙanena ya shigo gari cin kasuwa, ya ga keken yana ƙyalli a tsakar gida. A wurinmu keken da ba shi da kariya ba keke ba ne, abin wasan yara ne. Ina za a ɗora buhun taki? Ina za a ɗaura fartanya? Ya ce wa mai ɗakina zai yi wa Yaya abin arziki, ya tura shi wurin mai walda.

Da na dawo na sami keken jingine. An narka masa kariyar rodi a baya, irin wadda ake ɗaukar buhun masara a kai. Wuta ta ƙone fenti, ta cinye sabuwar wayata. Ƙarfen canjin giya babu shi. An yanke sarƙa, an gajarta ta, an ɗaure a kan ƙaramin haƙori guda, mafi nauyin tuƙi.

Ƙanena yana tsaye yana murmushi, yana jiran godiya.

Na ce, "Ina ƙarfen da ke nan?"

Ya ce, "Wannan mai lilon? Ai mai walda ya ce shi ke sa sarƙa faɗuwa, Yaya. Ya cire maka shi kyauta."

Na tafi wurin mai waldar a ƙafa. Ya ce ya jefa shi cikin tarkace, 'yan gwangwan kuma sun kwashe tun safe. Har ya ƙara da cewa yanzu ne keken ya zama na manya.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya, fiye da tsumman cikin taya, shi ne sai da na yi wa ƙanena godiya. Alheri ya yi niyya, a gaban matata kuma ba a wulaƙanta mai alheri. Na ce Allah ya saka.

Ruwa ya sauka cikin satin. Na je shuka, amma tura keken nake yi tun daga gindin tudu, da nauyin rodin a kai, in isa gona na riga na gaji. Rabin gonar na ba maƙwabcina ya noma bana. Na zaga masu gyaran keke, sababbin ƙarafan canjin giya da suke da su ba sa zama a jikin wannan tsohon keke.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu. Idan ka bi ta wurin 'yan gwangwan ka ga wani ƙarfe kamar tafin hannu mai ƙananan ƙafafu biyu masu haƙora, a goge tas, kada ka bari a ɗora shi a sikeli. Ka ajiye shi, ka tambayi masu gyaran keke na Funtua dattijon da ke tura keke mai kariyar rodi. Duk sun san ni.